Gigin tsufa ba iri ɗaya ba ne: yadda za ku bi sawun abin da dattijonku ke rasawa

A gidajenmu na Gombe, idan dattijo ya fara maimaita magana, ko ya ajiye hularsa ya tashi gida da nema, sai a ce tsufa ne, a wuce wurin. Tsufa kaɗai yana rage sauri, yana sa suna ya kwanta wa mutum ya tuno shi an jima. Amma ba ya hana mutum lissafin canjinsa a kasuwa, ba ya ɓatar da shi tsakanin gida da masallacin da ya shekara 40 yana sallah a ciki. Idan abin ya kai nan, cuta ce a ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira dimenshiya, mu kuma muke cewa cutar mantuwa ko gigin tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke ɗauke da ita, ana samun sababbi kusan miliyan 10 duk shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe irin namu ne, masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi.

Sunan cutar mantuwa yana ɓatar da mutane. Cututtuka ne da dama aka tara a inuwa ɗaya, kuma a wasunsu ba mantuwa ce ke fara sallama ba. Kowace tana da hanyar da take bi wajen ƙwace wa mutum ayyukansa na yau da kullum. Mai jinyar da ya gane hanyar zai san abin da ke tafe, ya shirya masa tun kafin ya iso, ya kuma san inda zai sa hannu da inda zai janye. Wannan janyewar ita ta fi yi mana wuya, domin tarbiyyarmu ta ce idan babba ya ɗauki buta, ka karɓa. A wannan cuta kuwa, duk aikin da aka karɓe wa mutum alhali yana iya rabinsa, rabin ma tafiya yake yi.

Ku fara da littafi da biro

Masana sun kasa ayyukan rayuwa gida biyu. A 1963 wani likita a Amurka, Sidney Katz, ya lissafa guda shida na kula da jiki: wanka, sa tufafi, zuwa bayan gida, tashi daga shimfiɗa ko kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci da hannun kai. A 1969 wasu masana biyu, Lawton da Brody, suka ƙara guda takwas na tafiyar da rayuwa: amfani da waya, cefane, girki, gyaran gida, wanki, hawa abin hawa zuwa wani wuri, shan magani a kan ƙa'ida, da sarrafa kuɗi. Na biyun nan su suka fi buƙatar tsari da lissafi, shi ya sa galibi su ke fara zubewa.

Ku sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ku jera waɗannan ayyuka 14 a gefe, ku ƙara namu: alwala, sallah da adadin raka'o'inta, zubin adashi, kula da gona ko dabbobi, zuwa masallaci ko coci a dawo. Ku cire abin da mutum bai taɓa yi ba. Baffan da bai taɓa ɗora tukunya ba, ba za a auna shi da girki ba. Da kansa na shekara biyu baya za a gwada shi.

Sau ɗaya a wata, a ba kowane aiki lamba. Sifili, yana yi da kansa yadda ya saba. 1, yana yi amma sai an tuna masa ko an tsaya a kansa. 2, sai an sa masa hannu. 3, sai an yi masa gaba ɗaya. Mutum ɗaya ya riƙa cikawa, wanda ke kwana a gidan, ba ɗan da ke zuwa daga Abuja da sallah ba. Kuma da ido za a cika, ba da tambaya ba. Idan kun tambayi Goggo ko ta sha maganinta, za ta ce ta sha, kuma ba ƙarya take yi ba, cutar ce ta ɗauke mata sanin abin da ta rasa. Ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwalin. Ku kuma yi hattara da kara: 'ya'ya kan rubuta sifili inda ya kamata su rubuta 2, don suna jin nauyin faɗa. Littafin da aka cika da kara ba ya amfanar kowa.

Bayan wata shida za ku ga lambobin sun yi siffa. Gangare a hankali, ko matakala, ko hawa da sauka. Siffar nan ce likita zai fi son gani, domin minti goma a ɗakin duba marasa lafiya ba sa nuna ta.

Alzaima: gangaren da ke bi daki-daki

Ita ce mafi yawa, kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Ta samo suna daga likitan Jamus Alois Alzheimer, wanda ya bayyana ta a 1906. Tana fara cin sashen ƙwaƙwalwa da ke ajiye sabon labari, shi ya sa Baffa zai ba ku labarin mulkin Gowon tiryan-tiryan amma ya manta ya karya kumallo.

Kuɗi ne ke fara nuna ta. A biya bashi sau biyu, a manta lambar katin cire kuɗi, a miƙa wa mai POS kati da lamba gaba ɗaya, a kasa gane canjin dubu. Sai magani, sai girki: gishiri sau biyu a miya, tukunya a kan gas har ta ƙone. A wannan mataki jiki lafiya lau yake, mutum yana wanka yana ado yana gaisawa da baƙi da kyau, don haka maƙwabta za su ce ku ne kuke ƙara wa abin gishiri. Nan ne lokacin gyara lamurran kuɗi, tun yana iya faɗin ra'ayinsa. A zauna da shi da shaidu, a rubuta wanda ya yarda ya riƙa karɓar masa fansho, a tattara takardun gida da na gona wuri ɗaya, a rubuta basussukan da yake bi da waɗanda ake bin sa. Kada a bar aljihunsa wayam. Dattijon da ya saba ba jikoki na alewa, idan ya laluba bai ji komai ba, zargin sata ne zai biyo baya. A riƙa sa masa ƙananan takardun kuɗi kullum.

Daga nan abin yana bin wani jeri da likita Barry Reisberg na New York ya tsara: wahalar zaɓen tufafin da suka dace, sai wahalar sa su, sai wanka, sai sarrafa kai a bayan gida, sai kuɓucewar fitsari, sai na bayan gida, sai magana ta ragu zuwa 'yan kalmomi, sai tafiya, sai zama, daga ƙarshe har ɗaga kai. Ya lura cewa jerin kamar na girman yaro ne aka juya baya: abin da yaro ya koya a ƙarshe shi ke fara tafiya. Wannan yana taimakawa wajen shiri, amma ba izini ba ne na yi wa uwa magana kamar 'yar goye. Tana jin rainin ko da ta manta sunan mai yin sa. Yawanci ana rayuwa shekara huɗu zuwa takwas bayan an gano cutar, wasu har 20, don haka jinyar doguwa ce.

Ku duba alwala da kyau, domin a nan za ku ga yadda cutar ke aiki. Goggo ta zauna da buta, ta wanke hannu, ta kurkure baki, sai ta tsaya, buta a hannu, tana kallon ƙasa. Can sai ta koma wanke hannu. Ba ta manta yadda ake wanke fuska ba, zaren da ke haɗa wannan mataki da na gaba ne ya tsinke. Idan aka ce "Goggo, kin manta ne?" sai ta ji kunya ta ajiye butar. Idan aka karɓa aka yi mata, an kashe abin da ya rage. Abin yi shi ne 'yarta ko jikarta ta ɗauko tata butar, ta zauna gabanta, ta yi tata alwalar a hankali, ita kuma ta riƙa bi. In ta tsaya, kalma ɗaya ta isa: "Fuska, Goggo." Haka sallah. Wanda raka'o'i suka fara rikice masa, a daina barin sa shi kaɗai, a riƙa ja masa, sai ƙirga ta koma wuyan liman. Idan hankali ya gushe sosai, hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga wanda ba ya cikin hankalinsa, don haka ba a tsangwamar sa a kan sallah ko azumi. Ku tambayi malaminku hukuncin halin da naku ke ciki. Amma a bar masa darduma da carbi, yawancinsu suna samun natsuwa a nan.

Wannan dabarar ita ce ta kowane aiki: a nemo matakin da ya karye, a tallafi shi kaɗai. Wajen tufafi, a cire yawan kaya daga ɗaki, a miƙa kala biyu ya zaɓa, daga baya a riƙa miƙa ɗaya bayan ɗaya bisa jerin sawa. Tela ya mayar da tazuge roba, ya rage maɓallai. Idan ta nace wa zani ɗaya, a sayo irinsa biyu ko uku a riƙa musanyawa da dare.

Wanka ne ake yawan faɗa a kansa, kuma kusan kullum dalilin kunya ne ko tsoro ko sanyi. Mace ta yi wa mace, namiji ya yi wa namiji, in ba miji da mata ba. Kada a ɗora wa surukar da take jin nauyinta tun asali. A shirya komai kafin a kira ta: bokiti, ruwa mai ɗumi da aka gwada da gwiwar hannu, kujerar roba, soso, tawul. A bar zani a jikinta, a riƙa buɗe inda ake wankewa kawai. A fara daga ƙafa a hau sama, kada a sheƙa ruwa a ka da farko, yana firgita su. A ba ta soson a hannu ko da ba ta yin komai da shi sosai. Da hunturu cikakken wanka sau biyu ko uku a mako ya isa, muddin ana wanke fuska, hammata da matsematsi kullum, a shafa mai.

Ɓata kan zo tun ƙafa na da ƙarfi. A ɗinka ƙyalle mai suna da lambar waya a cikin rigunansa, a ajiye sabon hotonsa a waya, a sanar da liman, mai shago, mai shayi da 'yan acaɓan bakin layi. Ɓoye ciwon don gudun surutu ya fi surutun haɗari. A rufe rijiya da murfi mai kwaɗo. Masu zama kusa da kwaruruwan zaizayar ƙasa da suka ratsa unguwannin Gombe su ƙara sa ido da damina.

Abin da hannu ya saba yana daɗewa. Tsintar wake, ɓarar gyaɗa, ninke kaya, shara, karanta gajerun surori ko waƙoƙin coci. A ba ta aikin ko da za a sake shi a bayan idonta. Wani abin da ake gani a gari mai harsuna irin namu: harshen da aka koya daga baya yana riga na goyo tafiya. Tsohuwar da ta shekara 50 tana Hausa za ta iya komawa Fulatanci zalla, ko Tangale ko Tera. Ba taurin kai ba ne. A nemo mata mai jin harshen.

Ta jijiyoyin jini: matakala

Ita ce ta biyu a yawa, kuma a wurin da hawan jini ya yi yawa ba a kula da shi, dole a sa mata ido. Tana zuwa ne idan jini ya kasa isa wasu sassan ƙwaƙwalwa, ko ta babbar shanyewar ɓarin jiki, ko ta ƙananan toshewa da ba a ma lura da su ba. A littafi za ku ga lambobi sun tsaya cak wata biyar, sai a sati ɗaya su faɗo, sai su sake tsayawa. Wani lokaci kuma, idan ƙananan jijiyoyi ne suka lalace, gangarowa take yi a hankali.

A nan jerin Reisberg ba ya aiki. Tafiya da fitsari kan lalace da wuri, tun mutum yana tuna abin da ya ci jiya. Taku ya gajarce, ƙafa kamar an manna ta a ƙasa, fitsari ya riƙa matsowa ba shiri. Tunani ya yi nauyi: ya san abin da yake son yi, tsara shi ne ke gagara. Kuka ko dariya na iya ɓarkewa ba dalili. Kuma da yake sau da yawa ya san yana rasawa, baƙin ciki kan danne shi, wanda shi ma ciwo ne mai magani.

Wannan ce wadda iyali suka fi iya rage wa gudu, domin kowace matakala sabon rauni ne da ake iya kaucewa. A sayi na'urar awon jini ta gida, a auna sau biyu ko uku a mako yana zaune ya huta minti biyar, a rubuta a littafin. Idan yana yawan kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a koma wa likita. Kada a daina maganin hawan jini don an ji sauƙi, wannan kuskuren ya kwantar da mutane da yawa. A rage gishiri da dunƙulen magi, a kula da ciwon suga, a bar taba. Kada a fara asfirin da ka, domin wata shanyewar daga fashewar jijiya take, asfirin kuma ƙara zubar jinin zai yi. Idan baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a duba agogo a tafi asibiti a lokacin, ba a jira gari ya waye ba.

Wajen taimako, haƙuri ne kan gaba. A yi tambaya ɗaya, a ƙirga goma a zuci kafin a maimaita. Wajen sa riga, hannu mai rauni ke fara shiga, shi ke fita a ƙarshe. Sanda a hannu mai ƙarfi take. Masai na tsuguno ya daina dacewa: kafinta ya yi kujera mai rami da madafa a ɗora a kai, a kafa ƙarfen kamawa a bango, a ajiye fo kusa da shimfiɗa da dare tare da fitila. A riƙa kai shi bayan gida kowane awa biyu zuwa uku ba tare da jiran ya nema ba. Masu gashin ƙashi na asibiti suna iya dawo da wani abu daga abin da aka rasa, musamman a watannin farko.

Ta Lewi: yau garau, gobe babu

Wannan ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Da safe Kawu ya yi hira sarai, ya ci abinci da kansa, da la'asar ya zauna ido buɗe kamar ba ya nan. Sai gida ya kasu biyu: masu cewa yana sane, da masu cewa iska ce. Ga shi kuma yana ganin yara a tsakar ɗaki, ko baƙi zaune a bakin gado, ko dabbobi, yana kwatanta su dalla-dalla. Cikin barci yana naushi da ihu, wani lokaci shekaru kafin sauran alamu. Jiki ya sandare, tafiya ta yi sanyi kamar ta mai cutar Parkinson, wato ciwon karkarwar jiki. Dalilin wasu dunƙulen furotin ne da ke taruwa a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, waɗanda likita Friedrich Lewy ya fara gani a 1912, daga sunansa cutar ta samo nata. Idan karkarwa da sandarewa sun riga ruɗewa da fiye da shekara ɗaya, ana kiran ta dimenshiyar Parkinson, amma jinyar kusan ɗaya ce.

Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti. Abin da muke roƙo shi ne kada a ɗaure, kada a doka, kada a turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, kuma kada a bari a jefi tsohuwa da maita don tana magana da waɗanda ba a gani.

Ga gargaɗin da ya fi kowanne nauyi. Da yawa daga masu wannan nau'in ba sa jure magungunan da ake ba masu taɓin hankali, irin haloperidol da chlorpromazine, wanda aka fi sani da Largactil. Allura ɗaya daga kemis don "ya samu barci" na iya sandarar da mutum, ta jefa shi cikin mummunan hali, har ta kai ga rasa rai. Wasu magungunan amai, irin metoclopramide da Stemetil, su ma suna da wannan illa. A rubuta wannan a bangon littafin, a nuna wa duk ma'aikacin lafiyar da zai taɓa shi.

A littafi a ba shi lamba biyu, ta lokacin da ya fi kyau da ta lokacin da ya fi muni. A gano sa'o'in da yake garau, a sa wanka, abinci da magana mai muhimmanci a cikinsu. Faɗuwa ce babbar barazana, kuma tana zuwa da wuri, domin jininsa kan sauka idan ya miƙe. Ya zauna a bakin gado minti ɗaya ko biyu kafin ya tashi. A ɗauke ƙananan dardumai da wayoyin wuta daga hanya, a musanya silifas da takalmi mai kama dunduniya. Idonsa yana fassara abu ba daidai ba: riga a jikin ƙusa mutum ce, zanen tabarma maciji ne. A kunna fitila tun kafin magariba, a sauke kayan da ke rataye, a rufe madubi. In ya ce ga yara can, kada a yi musu, kada kuma a ce ana ganin su. A ce, "Ni ban gan su ba, Kawu, amma ina nan tare da kai," a canza ɗaki. In ba sa tsorata shi, a ƙyale.

Ta gaban ƙwaƙwalwa: hali ne ke fara canzawa

Wannan tana kama mutane da wuri, yawanci tsakanin shekara 45 da 65, lokacin da mutum ke riƙe da gida. Likita Arnold Pick ne ya fara bayyana ta a 1892. Tana cin gaban ƙwaƙwalwa da gefunanta, inda kunya, tausayi da hangen nesa suke. Mutum mai kamun kai sai ya fara sakin magana gaban surukai, ya ɗauki kaya a shago bai biya ba, a yi rasuwa ko a jikinsa. Wani kuma ya zauna kawai, ba kasuwa ba gona. Kwaɗayin zaƙi ya tashi, ya riƙa cusa abinci baki ba ƙoshi. Bai manta hanya ba, bai manta kwanan wata ba, shi ya sa ake shekaru ana cewa sammu ne, ko shaye-shaye, ko ya samu wata a waje. Aure kan mutu kafin a gano ciwo ne.

A nan lambobin littafi suna yaudara. Yana iya wanka, ba ya yi ne kawai. A rubuta abin da yake aikatawa, ba abin da zai iya ba. Nasiha da faɗa ba sa aiki, domin wurin da zai karɓe su ne ya lalace. Muhalli ake canzawa: a janye shi daga kuɗin kasuwa da takardun fili tun da wuri, a karɓe makullin mota ko babur, a kulle rumbun abinci a riƙa zuba masa a ƙaramin kwano, a kafa masa tsari ɗaya na kullum, don suna manne wa tsari. Maimakon "za ka yi wanka?" a miƙa tawul a ce ruwa na jira. Akwai nau'inta da ke fara cin harshe, mutum ya tambaye ku mene ne buta. Irin wannan a yi masa nuni da hannu. Maganin donepezil, da kan ɗan taimaka a Alzaima da ta Lewi, ba ya amfani a wannan, wani lokaci ma yana ƙara tayar da hankali.

Ku sani kuma, a manyan tsofaffi ana yawan samun biyu a haɗe, musamman Alzaima da ta jijiyoyin jini, sai siffar ta cakuɗe.

Idan aka faɗo cikin kwana biyu

Dimenshiya a watanni take tafiya. Idan wanda ke cin abinci da kansa ranar Litinin ya kasa gane cokali ranar Laraba, ko ya koma barci dare da rana, kada a ce ciwon ne ya yi gaba. Wani ciwo ne ya hau kai: zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, nimoniya, ƙarancin ruwa, suga ya hau ko ya faɗi, bayan gida ya ƙi fita kwanaki, fitsari ya toshe, ciwon da ya kasa faɗa, ko jini ya taru a ka bayan faɗuwar da aka manta da ita makonni baya. Tsoho na iya ɗaukar cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. A duba sabon magani ma: Piriton, diazepam, tramadol, kodin da amitriptyline duk suna ruɗa tsofaffi. A kai shi asibiti a ranar. Yawancin abin da aka rasa ta wannan hanya yana dawowa idan an yi maganin dalilin da wuri.

Tun farko ma ya kamata likita ya duba abubuwan da ke kwaikwayon dimenshiya kuma suna da magani: ƙarancin bitamin B12, raunin ƙwayar maƙogwaro da ke kawo maƙoƙo, ciwon damuwa, cutar ƙanjamau, taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa. Kurumta da yanar ido su ma suna sa a ɗauka mutum ya ruɗe alhali ji da gani ne suka ragu. A Gombe akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, a Bauchi akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, a Maiduguri kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya. A je da littafin, da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har na gargajiya, da wanda ke kwana da shi.

Inda hanyoyin suke haɗuwa

Ko wace iri ce, a ƙarshe jinyar takan zama ɗaya: abinci, fata da tsabta.

Haɗiya tana lalacewa. Alamarta tari ko ƙwarewa wajen sha, murya kamar da ruwa a maƙogwaro, abinci ya kwana a kunci. Abin da ya bi hanyar iska shi ke kawo nimoniya, wadda ke cikin abubuwan da suka fi kashe masu wannan cuta. Kada a taɓa ba shi abinci a kwance. A zaunar da shi tsaye kyam, haɓa ta ɗan sunkuya, ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin na gaba, a bar shi zaune minti 30 bayan an gama. Ruwa tsarara ya fi ƙware mutum, abu mai ɗan kauri ya fi sauƙi: kunu, koko, fura da aka dama da kyau ba gudaji, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa. A bar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, tsire da kifi mai ƙaya. Ɗura haɗari ce. In ya ƙi, a dakata a sake gwadawa an jima, sau biyar ko shida kaɗan-kaɗan a rana. Ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato ledar ruwan fiya-wata guda uku zuwa huɗu, a ƙara a zafin Maris da Afrilu, sai dai in likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda. A auna nauyi duk wata. Mai kilo 60 da ya zubar da uku cikin wata shida yana buƙatar a duba shi.

Wanda ya kwanta, a juya shi kowane awa biyu, a duba ƙugu, gindin baya, dunduniya da kafaɗa kullum. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba, sai a nemi wurin da ya yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi zafi ko tauri. Kada a murza wurin, a ɗauke masa nauyi da matashi. Ledar kare katifa ta zauna ƙarƙashin zanin gado, ba a jikin fata ba. A canza ƙunzugu da zarar ya jiƙe, a wanke, a busar, a shafa basilin. Da hunturu kada a kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa marar wari yana kisa, kuma wanda ba ya iya janye ƙafa zai ƙone.

Wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma mun san a kan wa yake faɗawa: 'ya mace, ko matar ɗa, ko ƙaramar matar gida. A shafin ƙarshe na littafin a rubuta rabon kwana da sunaye, wa ke dare, wa ke rana, wa ke sayen ƙunzugu da magani a wane wata. Wanda ke nesa ya ɗauki kuɗin, ya kuma zo ya karɓi kwana biyu mai jinyar ta je ta yi barci.

A goge masa baki sau biyu a rana da buroshi mai laushi ko tsumma mai tsabta, a shafa mai a leɓe. Wanda zai yi ya fara sallama, ya faɗi sunansa da abin da zai yi, ko da an daɗe ba a ji amsa ba: "Inna, ni ce, zan goge miki baki."